Darasin Juma'a: Goggon Biri, Ido Daga Sama, Da Amanar Kurmin Da Muke Ci Daga Gare Shi



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, iyayenmu malamai da alhazai, ’yan’uwa maza da mata, darasin wannan mako ya shafi dajin da ke kewaye da mu a nan jihar Kuros Riba. Wataƙila wani ya ga kan maganar ya ce, to me ya haɗa takardar masallaci da biri? A ɗan yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Maganar ta taɓa mai sayen koko, ta taɓa mai lodin katako, da mai kiwo, da direba, kuma ta taɓa amanar da ke wuyan kowane Musulmi.

Wace dabba ce wannan?

Duk wanda ke bin hanyar Ikom zuwa Obudu ya san duwatsun nan masu duhun kurmi na ƙasar Boki. Hanyar ta ratsa ne tsakanin dutsen Afi da duwatsun Mbe. A can sama, inda ƙafar mutum ba ta cika zuwa ba, akwai wani irin goggon biri da babu shi a ko'ina a duniya sai nan da tsallaken iyakar Kamaru. Masana suna kiransa goggon birin Kuros Riba. Wani Bajamushe mai suna Paul Matschie ne ya fara rubuta bayaninsa a 1904. An daɗe ana zaton ya ƙare a Najeriya, sai a shekarun 1980 aka sake tabbatar da cewa yana nan.

Ƙiyasin da ake da shi, duka-duka ba su wuce 300 ba, na Najeriya da na Kamaru a haɗe. Ku auna da sahun sallar Juma'a ku gani. Kuma ba a wuri ɗaya suke ba, sun rarrabu ƙungiya-ƙungiya a kan duwatsu. A ɓangarenmu suna wuri uku: dutsen Afi, wanda gwamnatin jiha ta keɓe a 2000, duwatsun Mbe, waɗanda ƙauyuka tara ke kula da su da kansu, sai sashen Okwangwo na Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991. A Kamaru akwai su a Takamanda da Kagwene da wasu dazuzzukan.

Dabba ce mai kunya ƙwarai. Ganye da ’ya’yan itace da ɓawo ne abincinta. Kullum da yamma kowane babba zai lanƙwasa rassa ya yi wa kansa makwanci, gobe kuma a yi sabo a wani wurin. Macen takan ɗauki ciki wata takwas da rabi, ta haifi ɗa ɗaya, sai kuma bayan shekara huɗu ko fiye ta sake haihuwa. Kun ga ba akuya ba ce da za ta cika gida cikin shekara biyu. Idan aka kashe uwa ɗaya, sai a daɗe ba a cike gurbinta ba.

Babbar matsalarsu a yau ita ce tsinkewar daji. Ƙungiyar da ke kan wannan dutse tana buƙatar hanyar kurmi da za ta bi zuwa wancan dutsen, don a yi auratayya tsakanin dangi daban-daban. In gona da titi suka datse hanyar, sai ƙungiyar ta koma tana haihuwa a tsakaninta, zuriya ta yi rauni. Makiyaya sun san wannan a garke, shi ya sa ake sauya bijimi.

Yadda tauraron ɗan'adam ke gani

Dajin da waɗannan dabbobi ke warwatse a ciki ya kai faɗin murabba'in kilomita 12,000, duwatsu ne da kwazazzabai da koguna. Ba mai iya zagaye shi da ƙafa kowane wata. A nan ne taurarin ɗan'adam suka shigo.

Tauraron ɗan'adam na'ura ce da ake harbawa sama, ta riƙa zagaya duniya tana ɗaukar hoto. Amurka ta harba na farko a jerin da ake kira Landsat a 1972, kuma har yau ana ci gaba da jerin. Yana shawagi a nisan kilomita kusan 700 daga ƙasa, kuma kowane ɗaya yana dawowa kan wuri guda bayan kwana 16. A hotonsa, kowane ɗigo ɗaya yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi. Wato gona mai hekta ɗaya za ta fito a ɗigo kamar goma sha ɗaya. Tun 2008 aka buɗe rumbun hotunan kyauta ga kowa. Turai ma ta harba nata, Sentinel-2, daga 2015. Shi ɗigonsa mita 10 ne, hekta ɗaya ɗigo 100 ke nan, kuma duk kwana biyar ana samun sabon hoto. Mu ma Najeriya muna da hukumar sararin samaniya, NASRDA, wadda ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan wasu biyu a 2011.

To ta yaya na'ura ke bambanta kurmi da gona? Allah Ya halicci ɗanyen ganye da wata ɗabi'a. Akwai wani haske a cikin hasken rana wanda idonmu ba ya gani, shi kuma lafiyayyen ganye yana mayar da shi sama da ƙarfi. Ƙasa tsirara, da toka, da kwano, da ruwa, kowanne da yadda yake mayar da nasa. Na'urar tana auna wannan, sai kwamfuta ta ba kowane ɗigo launi: nan kurmi ne, nan ciyawa, nan gona, nan gari.

Babban amfanin yana wajen kwatantawa. A ɗauko hoton 1990, a ɗora na 2010 a kai, a ɗora na bana. Duk ɗigon da a da kore ne yanzu ya koma ja, an san an yi sara a wurin, kuma an san shekarar da aka yi. Kamar ɗan kasuwa ne da littafin shige da fice: abin da ya shiga sito da abin da ya fita, duk a rubuce. A 2013 wani malamin jami'ar Maryland a Amurka, Matthew Hansen, da abokan aikinsa suka fitar da irin wannan taswira ta duniya gaba ɗaya. A 2014 aka buɗe Global Forest Watch, inda duk mai waya da intanet zai iya duba dajin garinsu.

Wani zai ce, ai nan gajimare ba ya barin sama rabin shekara. Gaskiya ne, kuma yana hana kyamara aiki. Amma akwai taurarin da ke amfani da rada, kamar Sentinel-1, waɗanda ke aiko da igiyarsu ƙasa ta dawo musu, ko da dare ne ko da hadari. Akwai kuma waɗanda zafi suke ji, su ne ke nuna inda wuta ke ci a daji a ranar da take ci.

Abin da aka gano da wannan ilimi

Bari mu fara da gabashin Afirka, inda aka daɗe ana wannan aiki. A duwatsun Birunga, mahaɗar Ruwanda da Uganda da Kongo, akwai wani irin goggon biri na kan tsauni. A 1981 an ƙirga kusan 250 kacal a wurin. Yaƙe-yaƙen shekarun 1990 sun sa shiga dajin ya yi wuya, taswirorin da ake da su kuma tsofaffi ne. Saboda haka a farkon shekarun 2000 hukumar UNESCO da hukumar sararin samaniya ta Turai suka haɗa hannu aka yi sababbin taswirori daga hotunan sama. A tsakiyar 2004 mutane suka kwararo wani sashe na gandun da ake kira Mikeno, a ɓangaren Kongo, suka share kusan murabba'in kilomita 15 cikin ’yan makonni don noma da kiwo. Hotunan kafin da na bayan suka nuna ɓarnar ƙarara, babu wanda ya iya musu. Aka matsa lamba aka dakatar, aka kuma gina katangar duwatsu a bakin iyakar gandun. Gani ya kori ji. Yau in aka haɗa na Birunga da na dajin Bwindi a Uganda, adadinsu ya haura 1,000, kuma a 2018 aka rage matsayin haɗarin da suke ciki. Wannan ya nuna cewa in an tsaya da gaske, da ikon Allah abin yana gyaruwa.

A nan gida kuma, a 2012 wani masani mai suna Richard Bergl da abokansa, tare da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, suka wallafa wani bincike. Sun ɗauki hotunan tauraro na dajin iyakar nan, suka ware irin wuraren da goggon biri ke so, sannan suka tura mutane da ƙafa zuwa wuraren da ba a taɓa dubawa ba. Sai ga makwantai da kashi. Aka gane cewa yankin da dabbobin ke amfani da shi ya fi yadda ake zato da fiye da rabi, kuma har lokacin akwai sauran siraran hanyoyin kurmi da ke haɗa duwatsun. Darasin shi ne, abinci da wurin zama suna nan, tsoron mutum ne ya kora su kan duwatsu. Ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ita ce dajin da ke tsakanin Afi da Mbe, wanda titin da muke bi kullum ya ratsa, kuma gonaki ke ci daga gefe.

Misali na uku yawancinmu mun ji shi a rediyo. A 2015 gwamnatin Ben Ayade ta fito da shirin babbar hanya mai kilomita 260 daga Kalaba zuwa iyakar Binuwai. A farkon 2016 aka sanar da karɓe filaye kilomita 10 dama, kilomita 10 hagu. Da aka ɗora layin hanyar a kan taswirar kurmi, sai aka ga yawan daji da ƙauyukan da abin zai haɗiye. Mutanen Ekuri da wasu al'ummu suka yi ta ƙorafi, kuma a 2017 gwamnati ta janye batun kilomita 10 ɗin, aka kuma gyara layin. Ba siyasa ce ta kawo mu ba. Abin lura shi ne, taswira ta zama hujja a hannun talaka kamar yadda take a hannun hukuma.

Abin da tauraro ba ya gani

Kada mu ɗauka na'urar ta san komai. Allah kaɗai Ya san komai. Tauraro ba ya ganin goggon biri ko ɗaya, domin yana ƙarƙashin ganye. Ba ya ganin tarkon waya da aka ɗana wa gada ya kama hannun ɗan biri. Ba ya ganin maharbi da bindigarsa. In an zaɓi itace ɗaya an sare a tsakiyar kurmi, sau da yawa ba ya fitowa a hoto. Gonar koko da ke ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa ma takan yi kama da daji daga sama.

Shi ya sa ba a rabuwa da masu gadin daji. Su ne ke hawa dutse da na'urar GPS, suna rubuta inda suka ga makwanci, ko tarko, ko kwanson harsashi, ko sabuwar gona. A ofis sai a zuba wannan a kan hoton tauraro, a ga inda ya kamata a tura sintiri a wata mai zuwa. Da makwantai da kashi ake ƙirga dabbobin, har a gane dangantakarsu ta hanyar gwaji. Akwai kuma kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itace. A 2020 irin wannan kyamara a duwatsun Mbe ta ɗauko ƙungiyar goggon biri da jarirai a bayan iyayensu, hoton ya zagaye duniya. A lokacin WCS ta bayyana cewa tun 2012 ba a samu rahoton kashe ko ɗaya a ɓangaren Najeriya ba. Da yawa daga cikin masu gadin nan ’yan ƙauyukan ne, wasunsu ma tsofaffin maharba.

To ina ruwanmu?

Na farko, koko. Jihar nan tana cikin manyan masu noman koko a Najeriya, kuma da yawa daga cikinmu da shi muke ci, ko a saye, ko a sito, ko a lodi. A 2023 Tarayyar Turai ta yi doka cewa koko, da kofi, da manja, da roba, da katako, da wasu kayan ba za su shiga kasuwarta ba in an noma su a filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020. Dokar ta ce sai an nuna ainihin inda gonar take a taswira, kuma da hoton tauraro za a duba. An ɗage ranar fara aiki da ita, amma manyan kamfanoni sun riga sun fara auna gonakin manoma. Turai kuwa ita ce babbar kasuwar kokon Afirka ta Yamma. Ma'anar wannan a wurin ɗan kasuwa ita ce, ranar na zuwa da buhun da ba a san gonarsa ba zai rasa mai saye ko ya faɗi a farashi, kuma buhu ɗaya na cikin gandu zai iya ɓata lodi guda. Mu fara riƙe littafi tun yanzu: sunan manomi, ƙauyensa, nauyi, da rana.

Na biyu, katako da gawayi. Gwamnatin Liyel Imoke ta hana saran itace a jihar a 2008, gwamnatin Bassey Otu ta ɗage hanin a 2023. Amma ɗagewar ba ta halatta sara a cikin gandun ƙasa ba, kuma ba ta soke neman takardar izini ba. Mai sara yana daji, wanda ake kamawa a shinge shi ne direba da mai kaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ba don mai saye ba, da injin yankan itace bai shiga kurmi ba.

Na uku, wuta. ’Yan’uwanmu masu kiwo a tudun Obudu da kewaye sun san al'adar ƙona ciyawa da rani don sabon toho. Wutar da ta ƙwace takan shiga bakin kurmi, kowace shekara ta ci kaɗan. Yanzu ana ganin ranar da ta tashi da inda ta faro. Kuma dutsen da aka tuɓe wa itace ba ya riƙe ƙasa in ruwa ya yi yawa. Mutanen Boki ba su manta da zaftarewar ƙasa da ambaliyar 2012 a kewayen Afi ba.

Na huɗu, fataucin dabbobi. A 2003 an mayar da ’ya’yan goggon biri biyu da aka ƙwace a Kano zuwa Limbe a Kamaru. A Disamba 2024 jami'ai a filin jirgin Istanbul suka gano wani jaririn goggon biri a cikin akwati, a kayan da suka taso daga Najeriya za su Tailan. A sani cewa uwa ba ta sakin ɗanta da rai. Duk jaririn da ka gani a keji, an zubar da jini kafin a same shi. Dokar Najeriya ta kare dabbobin da ke cikin haɗari, ta 1985 wadda aka gyara a 2016, ta hana wannan ciniki. Direba, kada ka karɓi saƙon kwali ko buhu ba ka ga abin da ke ciki ba, komai kuɗin da aka ba ka.

Abin da addini ya koya mana

A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar yadda muke al'umma. A Suratur Rum, aya ta 41, Ya danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga aikin hannun mutane. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunarsa wasiyya kada su sare itace mai ’ya’ya, alhali fa yaƙi za su. In a lokacin yaƙi an hana, ina ga lokacin zaman lafiya?

Keɓe daji ma ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani fili da ake kira Naƙi'u kusa da Madina don amfanin jama'a, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malaman fiƙihu suna kiran wannan hima. Idan hukuma ko mutanen gari suka keɓe wuri don maslaha, kiyaye shi yana cikin cika alkawarin zama tare. Game da naman biri kuwa, mafi yawan malamai sun hana cinsa da cinikinsa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka. Mu baƙi ne a ƙasar nan, ko da an haifi wasunmu a cikinta. Mutanen gari sun ba mu wurin zama da wurin sallah da kasuwa. Kurmin nan shi ne ruwan shansu, shi ne ogbono da namijin goro da ganyen da matansu ke sayarwa su biya kuɗin makaranta. Idan wani namu ɗaya ya shiga harkar ɓarna aka kama shi, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne. Mun san yadda ƙaramar magana ke zama babba a irin wannan zama.

Nasiha a taƙaice

Mai sayen koko ya tambayi inda gonar take, ya rubuta. In an ce daga cikin gandu ne, ya haƙura da ribar. Mai katako ya nemi takarda ta gaskiya, ya ajiye rasit. Mai kiwo ya yi shawara da mutanen gari kafin ya sa wuta, ya share iyaka, kada ya tafi ya bar ta tana ci. Direba ya duba kayansa. Iyaye kuma mu ƙarfafa wa yaranmu karatun labarin ƙasa da kwamfuta, domin aikin auna gonaki da karanta taswira sana'a ce da ake nema yanzu, kuma babu dalilin da zai hana ’ya’yanmu shiga. Matasanmu masu manyan wayoyi su buɗe taswirar dajin nan su nuna wa iyaye yadda yake a shekarun baya da yadda ya koma.

Na'urar da mutum ya ƙera da hannunsa tana iya nuna gonar da aka share shekara goma da suka wuce. To mu tuna da mala'ikun da ke rubuce da ayyukanmu, waɗanda gajimare ba ya tare musu gani, da ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa.

Allah Ya sa mu cika amana, Ya tsarkake mana dukiyarmu daga haram, Ya sanya albarka a kasuwancinmu. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Juma'a mai albarka.

Daga Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti